Wasiƙa ga Bashiru kan injin zarton da ya sayo

Ɗana Bashiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, kamar yadda muke nan lafiya, alhamdu lillahi. Innarka tana gaishe ku, tana kuma tambayar jikin Nana, ko tarin nan na hunturu ya sake ta.

Ƙanenka Sani ya nuna mini hoton injin zarton da ka sayo, na sa ya buɗa mini shi har na karanta abin da ke rubuce a jikin motar: wat 1800, faifai, zarton da ke juyawa, milimita 255, wato inci 10, kuma na wutar 220 zuwa 240 irin tamu. Wannan na ƙarshe na fara dubawa, domin akwai na gwanjo da ake shigowa da su daga Amurka, inda wutarsu 120 ce, mutum ya kai gida ya jona, hayaƙi ya tashi, shi ke nan kuɗi sun tafi. Naka ya tsallake wannan. Allah ya sa albarka.

Ban ga laifinka ba don ka sayi mai araha. An ce araha ba ta ado, to ai ba ado ka je nema ba. Mutumin da ya tare a sabon gida a Arkilla, tagogi babu raga, kicin babu kanta, injin da zai riƙa fitarwa ranar Asabar yake bukata. Injuna masu tsada irin na Makita da DeWalt na wanda yake cin abinci da su ne daga safe zuwa magariba. Sai dai akwai abin da nake so ka gane game da arahar, kuma na fi son ka same shi a rubuce, domin in na faɗa maka da baki ranar Juma'a, ga hayaniyar yara, za ka ce “to Baba, to Baba,” ka fita da rabi.

Kamfanin da ya ƙera inji mai araha ya san inda zai rage kuɗi ba tare da mai saye ya gani a kanti ba. Ya rage a faifan da ya ɗaura masa, da lokacin da ma'aikaci zai ɓata yana daidaita shi kafin a sa a kwali, da kaurin sandunan ƙarfen da kan injin ke zamewa a kai. Gudun motar ne bai taɓa ba. Tana juya faifan sau 4,500 zuwa 5,000 a minti, daidai da ta mai tsada. Ka yi lissafi da kanka, ai ka fi ni boko: bakin faifan inci 10 yana gudun da ya wuce kilomita 200 a awa, in kuma haƙoransa 40 ne, haƙori wajen 3,000 ke wucewa ta wuri ɗaya cikin daƙiƙa guda. Saboda haka, wajen daidaito kada ka yarda da ko lamba ɗaya da ke jikinsa sai ka gwada ta. Wajen yatsa kuwa, ka ba shi girman da za ka ba mafi tsada a kasuwa, domin a nan ba a yi maka ragi ba.

Motsi uku yake yi. Teburin yana juyawa hagu da dama don yankan kwana irin ta firam. Kan yana kwantawa gefe, yawanci hagu kaɗai a masu araha, har digiri 45. Sannan yana zamewa gaba da baya a kan sanduna biyu, abin da ya ba shi damar ratsa katako mai faɗin kusan inci 12, alhali wanda ba ya zamewa iyakarsa wajen inci 6. Kamfanin Hitachi na Japan ne ya fito da mai zamewar a 1988. Mu da muka koyar da aikin katako kafin irinsa ya iso nan, akwatin itace muke tsagawa a 45 mu zura zarton hannu, kuma firam yana haɗuwa, sai dai ana gumi. Duk motsin ukun ratsa katako suke yi. Tsaga katako a tsawonsa ba aikin wannan injin ba ne, ko da ɗan guntu ne, ko da kana sauri. Wannan ka kai wa masu injin tebur a 'yan katako.

Kafin ka yanka komai mai amfani, ka ba shi yini guda na saiti, wayarsa a cire daga soket. A ƙafafunsa akwai ramuka, ka ɗaure shi da noti a kan tebur mai nauyi, ka bar masa fili a baya, domin sandunan suna fita sosai, in suka daki bango yankan zai tsaya a rabi. Kada ka yi aiki da shi a ƙasa kana tsugune, yadda yaran masu tagar alminiyam ke yi a bakin titi.

Sai ka nemi sukwaya ta ƙarfe. Ita ma gwada ta: ka jingina ta a gefen miƙaƙƙen katako ka ja layi, ka kifa ta ka sake ja a wuri ɗaya, in layukan sun hau juna, ta yi. Ka sauke kan injin ka kulle, ka sa gefe ɗaya na sukwayar a jikin ƙarfen bayan da katako ke jingina da shi, ɗayan a jikin faifai, tsakanin haƙora. Kada ta taɓa haƙori, domin haƙoran sun fi jikin faifan faɗi, za su yi maka ƙarya. In ka ga haske yana ratsawa ta gaba ko ta baya, ka sassauta notin ƙarfen jinginar, ka ɗan matsar da shi har hasken ya ɓace, ka ɗaure. Ka sake tsayar da sukwayar a kan tebur ka duba ko faifan yana tsaye cak. Akwai ɗan notin da ke tsayar da kan a sifiri, da wani a 45. Sai an gama wannan ake gyara 'yar kibiyar da ke nuna lamba ta koma kan sifiri.

Daga nan katako ne zai yi shaida. Ka ɗauki gutsure mai faɗi, mai miƙaƙƙen gefe, ka ratsa shi, ka kife rabi ɗaya, ka jingina su duka da ƙarfen baya ka haɗa bakunan. In yankan ya kauce, kifewar za ta ninka kaucewar, ka gan ta ɓaro-ɓaro. Kada ka ce rabin digiri ba komai ba ne. Firam mai kusurwa huɗu yanka takwas ne. In kowanne ya kauce da rabin digiri, digiri 4 ke nan suka taru, kuma duk a kusurwar ƙarshe za su bayyana, ta wangale baki, ka tsaya kana tunanin cike ta da gam da dusar katako. Ramukan da teburin ke faɗawa da kansa a 0, 15, 22.5, 30 da 45 suna da ɗan wasa a irin injinka, don haka ko ya faɗa ramin, ka ɗaure hannun kullewar. Mai yiwuwa ka ga lamba 31.6 a ƙasa da 33.9 a baya ka yi mamaki. Na kwalliyar katako ne da Turawa ke sawa tsakanin bango da silin; mu nan masu POP sun ɗauke mana wannan. Jan hasken lesa kuwa, in naka yana da shi, a ranar Sakkwato ba za ka ma gan shi ba. Ka sauke faifan a kashe, haƙori ya taɓa layin fensir, nan ne zai yanka.

Ka jawo kan injin har ƙarshen sandunan ka girgiza shi hagu da dama. Za ka ji ɗan motsi, kuma ba ya gyaruwa gaba ɗaya. Maganinsa a hannunka yake: ka riƙa tura shi miƙe ba tare da danna shi gefe ba, in kuma katakon siriri ne kamar tu-bai-tu, wato mai inci 2 a kan 2, ka tura kan baya ka kulle zamiyar, ka sauke kawai.

In akwai inda zan ce ka ƙara kuɗi, faifai ne. Wanda ya zo da injin, mai haƙora 24 ko 40, ka bar shi don katakon rumfa da kejin kaji, inda ba mai duba bakin yanka. Ka sayi mai haƙora 60 ko 80 don firam da kanta da filawud. Ka tafi da tsohon a hannu, domin ramin tsakiya ba ɗaya ba ne: akwai milimita 30, akwai 25.4, akwai na Amurka da bai cika 16 ba. Mai kanti zai ce maka “zai shiga.” Shiga daban, zama daram daban. Ka duba gudun da aka rubuta a jikinsa ya kai na injinka ko ya fi, in kuma ka samu wanda haƙoransa ba su sunkuya gaba sosai ba, shi ya fi dacewa da injin zamiya, don ba ya fizgar katako. Notin tsakiya a yawancin waɗannan injuna baibai yake, ana kwance shi ta inda ake ɗaure sauran notuna, kuma mutane da yawa sun lalata shi da ƙarfin tuwo. Kibiyar faifai ta bi kibiyar da ke jikin murfi, haƙoran ƙasa suna kallon jinginar baya.

Rodi, bututun ƙarfe, tayil, babu ko ɗaya. Kada kuma wani ya ba ka shawarar ɗaura masa faifan masu walda. Alminiyam yana yankuwa, amma da nasa faifan daban. Tsohon katakon da ka ciro daga gini, ka bi shi da ido da maganaɗisu kafin ya hau tebur. Haƙoran nan ƙarfe ne mai tauri ƙwarai da aka liƙa, taurin kuma shi ke sa su fashe in sun gamu da ƙusa, ɓarɓashin ya nufi fuska. Ka share yashin da ke jikin katako da burushi, domin ya fi katakon kansa dakusar da faifai, yashi kuwa Allah ya hore mana shi.

Batun wuta. Wat 1800 a wutarmu kusan amfiya 8 ke nan, amma lokacin tashi motar tana fizgar ninki biyu ko uku na haka. Ƙaramin janaretan fanka da talabijin ba zai ɗauka ba, haka ma inbatar da ka haɗa don fitilu. Kada ka gwada don ka gani. Janareta mai kVA 3 zuwa sama, a kashe firji da injin tura ruwa, shi ne daidai. In wutar gari ta zo rabi-rabi, fitila tana ja-ja, ka haƙura. Wayar ƙari ta zama mai kauri, milimita 2.5, in ta naɗi ce a warware ta duka don kada ta yi zafi, da fulogi na gaske mai ƙafa uku. Tsirarar waya biyu a cusa a soket da tsinken ashana, na san ana yi, ban yarda a yi a gidanka ba. In wuta ta ɗauke kana tsakiyar yanka, ka saki makunni, ka bar kan a ƙasa har faifan ya tsaya, ka cire waya, sannan ka zare katakon. Ran da ka ga tartsatsi ya yi yawa ta ramukan motar, ko tana tashi tana yankewa, yawanci kabon ne, ɗan gawayin da ke kai wuta cikin motar, ya cinye. Guda biyu ne, tare ake sauya su. Ka nemi na ajiya tun yanzu, don inji mai araha in ya kwana biyu samun kayansa wuya.

Yanzu yankan kansa, kuma nan nake so ka karanta sau biyu. Katako ya kwanta a tebur, ya jingina da ƙarfen baya, babu rata. Ka jawo kan injin zuwa gare ka yana sama. Ka danna makunni, ka saurara har kukan ya daidaita. Ka sauke, sannan ka tura zuwa baya a hankali, faifan yana cin abin da zai iya. Da ka kai ƙarshe ka saki makunni, ka bar kan a ƙasa har faifan ya tsaya cak, sannan ka ɗaga. Dalilin da ya sa ake turawa shi ne, haƙoran ƙasa baya suke tafiya. In ka sauke a baya ka jawo, sai faifan ya hau kan katakon ya taho maka da gudu, kamar tayar babur da ta samu ƙasa mai tauri bayan ta gama wulwulawa a yashi. Jiran tsayawar kuma, in ka ɗaga yana juyawa, haƙori yana kama ɗan guntun da ya rage ya harba shi duk inda ya ga dama.

Hannun da ke riƙe katako ya yi nisan taƙi guda daga faifai, kowane lokaci. In guntun ya yi gajarta har ba za ka samu taƙin nan ba, ka matse shi da abin matsewar da ya zo da injin, ko ka yar da shi ka yanko daga dogo. Guntun katako nawa yake? Kada hannuwanka su gitta juna a gaban faifai, hagu ya tsallaka ya riƙe dama. In ka juya tebur kuma ka kwantar da kai lokaci ɗaya, ka bi hanyar yankan duka a kashe tukuna, ka ga ko faifan zai ci jinginar baya. A kan zame ɓangarenta na sama gefe don haka. Murfin da ke rufe faifai yana buɗewa da kansa yana rufewa. Za ka ga wasu sun ɗaure shi sama da waya, wai yana tare musu gani. Ka ƙirga yatsun tsofaffin masu injin katako in kun gaisa, ba sai na ƙara ba. In naka ya fara maƙalewa saboda ƙura, a tsaya a share shi.

Katakon kasuwarmu ƙafa 12 yake zuwa, kuma da wuya ka samu miƙaƙƙe. Ka tara masa abin da zai tallafe bakinsa daidai da tsayin teburin injin. Kada ka sa yaro ya riƙe maka, don yana ɗagawa ko saukewa kaɗan katakon zai matse faifai. In ya lanƙwashe, doron ya jingina da ƙarfen baya daidai inda za a yanka, cikin ya kalle ka. In ka juya shi, rata za ta kasance a bayan wurin yankan, yana rabuwa ya rufta ya ciji faifan, injin ya yi tsalle. Ka tuna kuma faifai yana cinye kusan milimita 3 na katako, don haka ka yanka ta gefen da za a yar, layin fensir ya rage a jikin abin da kake so.

Akwai abin da takardar cikin kwali ba za ta faɗa maka ba, domin ba a Sakkwato aka rubuta ta ba. Katakon da muke saye daga kudu yake zuwa, kuma yawanci ɗanye ake lodo shi. Ya sauka nan ya tarar da iskar hunturu mai tsage leɓe. Katako in yana bushewa a faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Saboda haka kwanar 45 da ka yanka a ɗanyen katako za ta haɗu tsaf yau, bayan wata guda ka ga ta buɗe ta ciki, ka zargi injin alhali ba ruwansa. Ka sayi katakon tun da wuri, ka jera shi a inuwa, ba a kan ƙasa ba, da 'yan sanduna tsakanin layi da layi don iska ta ratsa, da bulo a kai don kada ya murɗe, ya yi makonni a haka. A rana tsagewa zai yi. Akasin haka ma yana nan: abin da ka haɗa a Fabrairu zai kumbura a Agusta, don haka ƙofa da taga a bar musu 'yar rata. Obeche yana da laushi, ya isa firam ɗin raga da kanta, amma gara tana son sa. Maɗaci ya fi ƙarko, ya kuma fi cin faifai. Kowanne ka yanka, sabon bakin nan shi gara za ta bi ko da an shafe sauran jikin da magani. Ka shafa masa maganin gara irin Solignum ko baƙin mai kafin ka kafa, musamman abin da zai taɓa ƙasa ko bango.

Ka fara da ragar tagogi tun damina ba ta kawo sauro ba. Ka auna kowace taga ita kaɗai, sama da ƙasa, hagu da dama, domin da wuya magini ya ba ka biyu iri ɗaya. Ka ɗauki awo mafi ƙanƙanta ka rage milimita 5. Sanduna biyu masu fuskantar juna dole tsawonsu ya zo ɗaya, in ba haka ba ko 45 ɗinka ta fi ta kowa kyau firam ba zai haɗu ba. Kada ka auna kowanne da tef. Ka matse ɗan katako ya zama iyaka, kowane sanda ya zo ya tokare shi ka yanka, kuma ɓangaren da ke tsakanin iyakar da faifai shi ake riƙewa ko a matse. Da ka haɗa, kafin gam ya kama, ka auna daga kusurwa zuwa wadda ke gicciye da ita, ka auna ɗayan gicciyen. In sun zo ɗaya, firam ya miƙe. In aiki ya kai ka kwanar bango, kada ka ɗauka 90 ce, ka gwada da gutsure biyu. Wadda ta buɗe zuwa 92 tana son a saita teburin injin a 44 a kowane gefe, wadda ta tsuke zuwa 88 tana son 46.

Babbar riga, jallabiya mai faɗin hannu, hirami a kafaɗa, carbi a wuyan hannu, duk a cire a rataye. Safar hannu ma ban da ita, don haƙori in ya kama zare da hannun yake tafiya. Tabarau na aiki dole ne, na karatu ba ya tare komai. Kukan injin yana kaiwa desibel 100, kunne kuwa daga 85 yake fara lalacewa in abin ya daɗe, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Toshiyar kunne ta soso kuɗinta bai kai na katin waya ba. Ƙurar katako ma ba abin rainawa ba ce. Tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanci, ƙurar obeche da ta loko kuma an san su da tayar da asma. Jakar bayan injin kaɗan take kamawa. Ka yi aiki a fili da hantsi, iska tana kaɗa ƙurar nesa da kai da ɗakin girki, da takunkumi mai kama fuska sosai. Bayan aiki ka goge sandunan zamiya da busasshen tsumma, ɗigon mai kaɗan ya isa. Giris a garin nan cikin mako yake haɗuwa da ƙura ya zama laka mai cin ƙarfe.

Yara su ne babbar damuwata. Kukan inji yana tara su, naka da na maƙwabta da almajiran da ke wucewa. Ka rufe ƙofar gida kafin ka kunna, mai ɗakinka ta san kana aiki don kada a turo yaro da saƙo ta bayanka. Ko ruwa za ka sha, ka cire waya. In an gama, a sauke kai a sa fil ɗin kullewa, a kai shi ɗaki mai kwaɗo. Za a zo aro, wannan babu makawa, kuma hana maƙwabci abu yana da nauyi. A ganina ka ce ya kawo katakon ka yanka masa. Ka ba da lokacinka, ka riƙe injinka, zumunci bai taɓu ba. In ka gaji, ko ranka a ɓace yake, ko azumi ya yi nisa da la'asar, ka bar shi sai gobe. Kada ka ce mini tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Allah ya kiyaye, amma gara a ce kun san abin yi, kai da mai ɗakinka. A danne wurin da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a nufi asibiti nan take. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo bai yi muku nisa ba. Ban da zuba ƙasa, toka, man birki ko garin magani. In wani abu ya rabu da jiki, a naɗe shi a tsabtataccen ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar, a tafi da shi. Ko ƙaramin yanka ne, a tambayi allurar tetanus.

Kada injin ya sa ka ɗauka ka zama kafinta. Rufin gida da duk katakon da zai ɗauki nauyi a kan mutane na masu sana'a ne. Kana ganin yadda iskar farkon damina ke yaye kwano a garin nan duk shekara. Azarar tsohon ɗakin kakarka ma kada ka kusance ta da shi, giginya ce, ga tauri ga tsinke-tsinke, ba ta kwanciya daidai a tebur. Kafintan da ya yi maka ƙofofi ka ci gaba da ba shi manyan ayyuka, ka biya shi da kyau, in ya zo ka tsaya kusa ka kalli hannunsa. Ba zai ji haushin ka yi ragar tagarka da kanka ba, ya ma huta da ƙananan kiraye-kiraye.

In ka gama saiti, gwajin kifewa ya fito babu rata, Innarka tana son kujera 'yar tsugunno. Wadda take girki a kai ƙafa ɗaya tana rawa. Tsayi inci 9, saman inci 10 a kan 14, daga gutsuren maɗaci in ka samu. Ka kwantar da kan injin digiri 10 ka yanka ƙafafun sama da ƙasa, yankan biyu su karkata gefe ɗaya, don ƙafafun su buɗe waje ta zauna daram, sannan ka sa sanda a tsakaninsu, shi ma bakunansa a digiri 10. Ka kashe kaifin gefuna da samfefa saboda zane. Kada ka yi mata fenti, ta ce ba ta so.

Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Mahaifinka.